Shin kundin tsarin mulki zai iya kare mai fita tsirara a bainar jama'a?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga labarin wata kotu a Sifaniya da ta soke tarar da aka ci wani mutum saboda ya fito titi zigidir, haihuwar uwarsa. Shi ne yake son sani: tunda kundin tsarin mulkin ƙasashe da yawa ya ba mutum 'yancin faɗar albarkacin bakinsa da 'yancin tafiyar da rayuwarsa yadda ya ga dama, shin wata rana kotu za ta iya cewa fita tsirara haƙƙi ne da gwamnati ba ta isa ta taɓa ba?

Malam, da wuya ƙwarai. An kai wannan maganar gaban Kotun Ƙolin Amurka sau biyu, an kai ta gaban Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, kuma masu neman haƙƙin sun dawo hannu rabbana. Sai dai dalilan da alƙalai suka bayar sun fi hukuncin kansa ban sha'awa, kuma akwai 'yan kafofin da tsiraici ke samun kariya ta cikinsu idan ya raɓu da wani haƙƙin daban. A nan ne gizo ke saƙar.

Bari mu fara da labarin da ka gani, domin shi ne tushen ruɗanin. Abin ya faru ne a garin Aldaia, kusa da Valencia, kuma babbar kotun yankin ta yanke hukunci a farkon 2023. Sifaniya ta cire laifin abin kunya a bainar jama'a daga dokokinta na manyan laifuka tun 1988, shi kuma garin Aldaia bai kafa wata ƙaramar doka ta kansa da ta hana tsiraici ba. Kotu ta duba ta ga babu dokar da mutumin ya karya, sai ta ce a soke tarar. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. A ƙasar dai, birnin Barcelona ya kafa dokar hana yawo tsirara a titi a 2011, masu ra'ayin zama tsirara suka kai ƙara, Kotun Ƙolin Sifaniya kuwa a 2015 ta ce birnin yana da hurumin hanawa. Ka ga ƙasa ɗaya, kundi ɗaya, amma a wani gari ka wuce lafiya, a wani a ci ka tara.

Wannan shi ne abin da nake fara cusa wa ɗalibai a kai duk lokacin da muka zo babin haƙƙoƙi. Abin da doka ta yi shiru a kansa daban, abin da kundin tsarin mulki ya kare daban. Na farkon aro ne: majalisa ta bar maka shi yau, gobe ta zauna ta karɓe abinta da ƙuri'a mafi rinjaye. Na biyun kuwa ko duk 'yan majalisa sun haɗa baki ba su isa su ƙwace ba, sai dai su gyara kundin. Birnin San Francisco misali ne mai kyau. Shekara da shekaru mutane na zama tsirara a wani dandali a unguwar Castro ba wanda ya kama su, har wasu suka ɗauka gado ne. A ƙarshen 2012 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'a, 6 suka ce a hana, 5 suka ce a bari. Ƙuri'a ɗaya tak ta raba su da abin. Suka garzaya kotun tarayya, alƙali ya ce musu tsiraici shi kaɗai ba magana ba ce, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2013. An dai bar musu ranakun bukukuwa da jerin gwanon da aka ba izini.

Haka abin yake a Ingila. Sashe na 66 na dokar laifukan jima'i ta 2003 bai kama mutum don ya tuɓe kawai ba, sai an tabbatar ya bayyana al'aurarsa da niyyar wani ya gani ya firgita ko hankalinsa ya tashi. A Kanada sashe na 174 ya haramta tsiraici a bainar jama'a, amma ba a gurfanar da kowa sai da amincewar babban lauyan gwamnati. Singafo kuma ta tsaya a can ɗaya ƙarshen, inda ko a cikin ɗakinka kake, muddin ana hango ka daga waje, ka yi laifi. Duk waɗannan zaɓin 'yan majalisa ne, kowace ƙasa da inda ta ja layinta.

To, ta wace hanya lauya zai bi ya mai da aron nan mallaka? Hanyar da aka fi bi ita ce 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta.

Gyaran Farko na kundin Amurka yana kare magana, kotuna kuma sun daɗe da yarda cewa aiki ma yakan zama magana. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce ƙona tutar Amurka don nuna adawa magana ce da kundi ya kare. Lauyan mai tsiraici sai ya ce, idan ƙona tuta magana ce, me zai hana tuɓe riga ya zama magana? Cikas ɗin yana cikin wani ma'auni da kotun ta kafa a 1974: sai mai aikin yana da niyyar isar da wani saƙo takamaimai, kuma akwai alamar masu kallo za su gane saƙon. Wanda ya ƙona tuta a gaban taron jam'iyya, kowa ya san abin da yake nufi. Wanda aka gani tumɓur a tashar bas fa? Mai wucewa ba zai san ko zanga-zanga yake ba, ko zafi ne ya dame shi, ko caca ya faɗi, ko kuwa rashin lafiya ce. Idan sai ya ɗaga allo ya rubuta dalilinsa kafin a fahimta, to allon ne ke magana.

Ko da an yarda cewa saƙo ne, akwai wani shingen. A 1966 wani saurayi mai suna David O'Brien ya ƙona katinsa na kiran aikin soja a bakin wata kotu a Boston don adawa da yaƙin Biyetnam. A 1968 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da aka yi masa, ta ce gwamnati na iya hana wani aiki ko da yana ɗauke da saƙo, muddin tana da muhimmiyar manufa wadda ba ta shafi toshe saƙon ba, kuma ba ta wuce gona da iri ba. Da wannan ma'aunin aka auna tsiraici a 1991, a shari'ar Barnes.

Masu ƙarar wasu gidajen rawa ne biyu a garin South Bend na jihar Indiana. Dokar jihar ta hana tsiraici a wurin jama'a, don haka dole 'yan rawar su manna ɗan abin da zai rufe kan nono, su sa ɗan siririn kamfai. Suka ce wannan ya tauye saƙon da rawarsu ke isarwa. Alƙalai tara suka rabu, 5 da 4, jiha ta yi nasara, amma biyar ɗin ma ba su taru a kan dalili ɗaya ba. Alƙalin alƙalai Rehnquist ya yarda cewa rawar tsirara tana cikin abin da Gyaran Farko ya shafa, sai dai a can bakin iyaka take, kuma kare tarbiyyar jama'a manufa ce da ta isa. Mai shari'a Scalia ya ce maganar Gyaran Farko ma ba ta taso ba, domin doka ce da ta hau kan kowa, ba a yi ta don toshe bakin wani ba. Da aka ce ai duk wanda ya shiga gidan rawar da ƙafarsa ya shiga, ba wanda aka ɓata wa rai, sai ya ba da misalin da ɗaliban shari'a ba sa mantawa: ko da manya 60,000 za su cika babban filin wasan Indiana da yardar kansu su nuna wa juna tsiraici, ba tare da ko mutum ɗaya ya ji haushi ba, a ganinsa sun saɓa manufar dokar. Mai shari'a Souter kuwa ya bi ta wata hanyar, ya ce abin da jiha ke yaƙa shi ne ɓarnar da ke biyo bayan irin waɗannan gidaje, kamar karuwanci da sauran laifuka.

Lura da wani abu a nan. Hatta alƙalai huɗun da suka goyi bayan 'yan rawar, a kan rawa a cikin rufaffen gida gaban manya masu biyan kuɗi suka tsaya. Sun yarda cewa jiha na iya hana tsiraici a titi da bakin teku da wuraren shaƙatawa, inda mutum zai ga abin da bai nema ba. Ma'ana a kan ainihin tambayarka ba a samu saɓani a kotun ba.

Bayan shekara tara aka sake komawa, wannan karon daga garin Erie na jihar Pennsylvania. A 2000 kotu ta sake ba gari gaskiya, ta jingina da hujjar ɓarnar da ke biyo baya, duk da cewa mai shari'a O'Connor ta amsa da bakinta cewa ɗan ƙyallen da ake tilasta wa 'yan rawar mai yiwuwa ba zai rage ɓarnar da yawa ba. Shi kuma Souter ya yi abin da ba kasafai alƙali ke yi ba, ya ce ya yi sakaci a 1991 da bai nemi gwamnati ta kawo shaidar ɓarnar ba. Ni a ganina hujjar nan ta ɓarna ita ce mafi rauni a duk tarihin shari'o'in. Wane ɓarawo ne zai fasa sata a bayan gidan rawa don an ƙara wa mai rawa ƙyalle mai faɗin tafin hannu? Hujjar Scalia, ko ka so ta ko ka ƙi ta, ta fi fitowa fili ta faɗi abin da ke ranta. Ƙarshen labarin Erie ma akwai darasi: a 2002 Kotun Ƙolin Pennsylvania ta soke dokar garin bisa kundin jihar, wanda ya fi na tarayya faɗi a wannan fannin. A ƙasa mai tsarin tarayya kundi ba ɗaya ba ne, kuma wani lokaci na jiha ya fi sakin mara.

Inda tsiraici ke samun nasara shi ne idan saƙon ya fito ƙarara har makaho ma zai shafa ya ji. A Afrilun 2012 wani matafiyi mai suna John Brennan ya fusata da binciken jami'an tsaro a filin jirgin saman Portland, ya tuɓe tas a gaban na'urar bincike, wai ga shi nan su duba da kyau. Alƙalin jihar Oregon ya wanke shi, ya ce zanga-zanga ce. Amma rijiya ta bayar guga ya hana, domin hukumar tsaron sufuri ta tarayya ta ci shi tara saboda ya kawo cikas ga aikin bincike, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar tarar a kansa. A Nairobi, a watan Maris na 1992, iyaye mata da ke yajin cin abinci a dandalin Uhuru don a sako 'ya'yansu fursunonin siyasa sun tuɓe a lokacin da 'yan sanda suka afka musu. Babu wanda ya tsaya a wurin da ya buƙaci a fassara masa abin da tsiraicin uwa ke nufi a gaban wanda ya kai sa'an ɗanta. Irin wannan shi ne tsiraicin da ya cika ma'aunin saƙo, kuma ƙarfinsa yana zuwa ne daga kasancewarsa abin da ba a saba gani ba.

Kotun Turai da ke Strasbourg ta ba mu shari'u biyu da idan ka jera su za ka ga layin sarai. Stephen Gough tsohon sojan ruwan Birtaniya ne da ya taka daga kudancin ƙasar har ƙarshen arewacinta ba komai a jikinsa sai takalmi da jakar goyo, wani lokaci da hula. A Sikotilan an kama shi fiye da sau 30 tsakanin 2003 da 2012. Abin ya koma kamar wasa: a sake shi daga kurkuku, ya fito ƙofa tsirara, 'yan sanda na jira, su ce sa tufafi, ya ce a'a, su mai da shi ciki. Gaban alƙali ma haka yake bayyana, a ƙara masa laifin raina kotu. Da aka tara, ya haura shekara bakwai a tsare, yawanci a keɓe shi kaɗai saboda ya ƙi sa kaya. A Oktoban 2014 kotun ta yarda cewa tsiraicinsa hanya ce ta bayyana ra'ayinsa cewa jikin ɗan Adam ba abin ƙyama ba ne, don haka sashe na 10 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Turai, mai kare 'yancin faɗar albarkacin baki, ya shafe shi. Duk da haka ta ce Birtaniya ba ta keta haƙƙinsa ba, domin ƙasashen Turai ba su da matsaya ɗaya a kan batun, kuma shi ne ya nace yana maimaita abin da ya san zai tayar wa mutane hankali, alhali yana da wasu hanyoyin yaɗa ra'ayinsa.

Ta biyun ita ce Eloïse Bouton, 'yar Femen, ƙungiyar mata masu zanga-zanga, wadda a Disambar 2013 ta shiga cocin Madeleine a Paris ƙirji a buɗe don adawa da matsayin cocin a kan zubar da ciki. Kotunan Faransa suka yi mata ɗaurin wata ɗaya na je-ka-gyara-halinka bisa laifin nuna tsiraici. A Oktoban 2022 kotun Strasbourg ta ce Faransa ta keta haƙƙinta. Ba ta ce tana da 'yancin tuɓewa a coci ba. Cewa ta yi hukuncin ɗauri, ko da an jingine shi, ya yi nauyi a kan wadda ta yi magana kan batun da jama'a ke muhawara a kai, kuma alƙalan Faransa ba su auna saƙon nata ba kafin su yanke. Wata ɗaya da ba a zauna ba ya zama keta haƙƙi, shekara bakwai da aka zauna bai zama ba. Na yarda da kotun cewa Gough ba shi da haƙƙin da yake nema, amma shekara bakwai a kan mutumin da bai taɓa kowa ba, wannan kam ya yi yawa, kuma ina ganin kotun ta yi saurin wanke hannunta.

Hanya ta biyu ita ce 'yancin kai da sirrin rayuwa. Tana da rauni tun daga sunanta, domin wanda ya fito kasuwa ya bar maganar sirri a gida. Wasu sukan kawo hukuncin Lawrence na 2003, inda Kotun Ƙolin Amurka ta nuna cewa ƙyamar da masu rinjaye ke yi wa abu ba ta isa dalilin hukunta abin da manya suka yi a ɗakinsu ba. Amma kotun da kanta ta ce shari'ar ba ta shafi abin da ake yi a bainar jama'a ba. Sannan ma'aunin da kotun ke bi wajen karɓar haƙƙin da ba a rubuta a kundi ba, tun 1997, wanda ta ƙara ɗaure shi a 2022, shi ne sai abin yana da saiwa mai zurfi a tarihi da al'adar ƙasar. Tarihin Amurka kuwa cike yake da dokokin hana tsiraici tun kafin a rubuta kundin. Jamus ta ɗan bambanta. Sashe na 2 na kundinta ya ba kowa 'yancin yin abin da ya ga dama, har kotun tsarin mulkinsu ta taɓa cewa hawan doki a daji ma yana ciki. Saboda haka mai shan rana tsirara a lambun Munich zai iya cewa sashen ya shafe shi. Sai dai jimlar da ta ba da 'yancin ita ce ta iyakance shi da haƙƙin wasu da tsarin doka da ɗa'a, don haka kowace doka mai ma'ana tana iya rage shi.

Wannan iyakar ba ta Jamus kaɗai ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa ta yarda a taƙaita magana don kare tarbiyyar al'umma. Kundin Indiya ya ambaci kamun kai da ɗa'a a sashe na 19, na Najeriya ya ambaci tarbiyyar jama'a a sashe na 45. A irin waɗannan ƙasashe lauyan gwamnati ba ya ma buƙatar dogon bayani, ya buɗe shafin ya karanta wa alƙali kawai.

Addini hanya ce ƙarama amma ta gaske. A Indiya malaman ɗariƙar Digambara ta mabiya addinin Jain suna tafiya tsirara a matsayin ibada, haka wasu masu zuhudun Hindu a taron Kumbh Mela, kuma hukuma ba ta kama su. Kariyar tasu ta ibada ce mai ɗaruruwan shekaru, ba ta wuce kansu ta rufe wani ba. Gough ma ya gwada cewa ra'ayinsa aƙida ce, kotu ba ta karɓa ba.

Akwai wani abin da ya kamata mai karatu ya ajiye a ransa. Watanni kaɗan kafin hukuncin Gough, a Yulin 2014, kotun nan ta Strasbourg ta amince da dokar Faransa da ta hana rufe fuska a wurin jama'a, bisa hujjar zaman tare. A shekara ɗaya ta ce gwamnati na iya tilasta wa wani ya rufe, tana iya tilasta wa wata ta buɗe. Ikon da ke hana tsiraici shi ne dai ikon da ke iya hana niƙabi, kuma duk wanda ya yi murna da hukunci ɗaya ya kamata ya san da wuƙar da aka yanka ɗayan.

Hanyar da ta fi motsi a yanzu ita ce daidaito tsakanin maza da mata, kuma a kan ƙirji kaɗai take. Hujjar mai sauƙi ce: namiji na cire riga ba a ce masa komai, mace ta cire a kama ta. Babbar kotun jihar New York ta wanke wasu mata a 1992, kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario a Kanada ta wanke Gwen Jacob a 1996, duk da cewa su biyun ta hanyar fassara dokar laifin suka bi. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar da dakatar da dokar garin Fort Collins na jihar Colorado bisa hujjar nuna bambanci, garin ya haƙura ya goge dokar. Amma takwarorinta sun bar dokar Chicago a 2017 da ta Ocean City a 2021. Ko wannan hujjar ta yi nasara gaba ɗaya, ba za ta kai ga tsiraici cikakke ba, domin dokar rufe al'aura ta hau kan maza da mata daidai wa daida. Gari ma na iya cika sharaɗin daidaiton ta hanyar cewa maza su ma su sa riga.

Idan an cire kotu, saura gyaran kundi, wanda a Amurka ke buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. Ba na jin akwai ɗan siyasar da zai ɗauki wannan tallan. Abin da nake sa ran gani shi ne ƙarin shari'u a kan nauyin hukunci, irin ta Bouton, da kuma saɓanin nan na kotunan ɗaukaka ƙara a kan ƙirjin mata. Wasu mata uku daga jihar New Hampshire sun roƙi Kotun Ƙoli ta raba gardamar, a Janairun 2020 ta ƙi sauraron ƙarar, don haka har yanzu hukuncin ya danganta ne da yankin da mace take tsaye.